Alhaji, Ban Cancanta Ba

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Asabar a sitonmu na Ras Al Khor ba. Na yi ƙoƙarin mantawa, har addu'a na yi a kai, amma abin ya ƙi.

Shekarata shida ina aikin sakatare a wani kamfanin kargo da ke Al Khabaisi, nan Dubai. Mai kamfanin wani Alhaji ne ɗan Maraɗi, mutum marar yawan magana, wanda in ya duba aikinka ya ce "bon", wato "da kyau" da Faransanci, to ka samu yabon shekara guda ke nan. Ni ne takardun kwantena, ni ne biza, ni ne amsa wayar 'yan kasuwar Kano masu masifar kayansu bai iso ba. A duk shekarun nan, hutun da na sani shi ne na zazzaɓi.

Wata safiya ya kira ni ofishinsa, ya ce in turo ƙofa.

"Sakatare, ina so ka tsara mini hutu. Kwana huɗu, miji da mata, a bakin teku. Otal na gaske, abinci na gaske. Kyauta zan yi wa wani da ya daɗe yana wahalta mini."

Na ce, "Ranka ya daɗe, da sunan wa za a kama ɗakin?"

"Sa sunan kamfani tukuna. Ka zaɓa kamar kanka kake zaɓar wa. Kuma kada kowa ya ji." Sai ya yi murmushi.

Jama'a, Alhaji ba ya murmushi. Na fito ina lissafi. Wa ya daɗe yana wahala in ba ni ba? Wa aka ce ya zaɓa kamar kansa? (Ma'aikatan kamfanin sun haura ashirin, amma a ranar ko ɗaya bai faɗo mini a rai ba.)

Mako biyu ban yi wa kamfani aikin kirki ba. Na bi otal-otal na gaɓar Fujaira ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta, har na samu wanda barandarsa ke kallon ruwa, dutse kuma a bayansa. Na zaɓi cin abincin yamma a kan yashi. Na zaɓi wani abinci mai kala bakwai, wanda a hoto kowace kala ba ta wuce loma biyu ba, har da ƙaton jatan lande mai gashin baki. Na sa yawo a jirgin ruwa. Na kira otal ɗin har mai amsa wayar ya gane muryata, da na yi sallama sai ya ce, "Habibi, kai ne kuma?" A kira na ƙarshe na ce a ajiye kek a ɗaki, a rubuta sunan matata a kai.

Matata Rukayya shekararta biyu da zuwa. Muna zaune a wani fulat a Deira da aka raba da katako tsakanin iyali uku, tagarmu tana kallon bayan na'urar sanyaya ɗakin maƙwabta. Tekun da ta sani shi ne ɗan ruwan da muke tsallakawa a kwalekwale in za mu kasuwa. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Kwana uku na riƙe sirrin. A na huɗu, tana zuba mini shayi, na ce, "Ki fara haɗa kaya."

Da na nuna mata hotunan ta daɗe tana kallon barandar nan, sai ga hawaye. "Malam, da gaske? Alhaji da bakinsa ya ce mu ne?"

A nan ne Allah Ya ba ni dama ta ƙarshe. Na ce, "Ke dai ba ki san manya ba. Ba sa faɗa kai tsaye."

Rukayya tana yi wa mata lalle a gida. Akwai wata amarya 'yar Damagaram da ta kama ta tun tuni, bikin ya faɗo a makon tafiyar, ta kira ta ba su haƙuri. Ta yi sabon ɗinki. Ta gaya wa mahaifiyarta a Zariya, wadda ta yi alkawarin ba wanda zai ji, kuma kafin la'asar ƙanwar kakarta ta kira tana sa mini albarka. Ni kuwa na zauna ina koyon riƙe wuƙa da cokali mai yatsu a kan dafaffiyar doya, don kada in ba da mu a gaban Turawa.

Ranar Asabar ɗin Alhaji ya haɗa walimar bayan Babbar Sallah a sito, ya ce kowa ya zo da iyalinsa. An shimfiɗa darduma tsakanin kwalaye, an jera farantan shinkafa da rago, mata a gefe guda. Na sha farar shadda. A aljihuna akwai jawabin godiya shafi ɗaya da rabi.

Bayan an ci, Alhaji ya miƙe da farin ambulan a hannu.

"Akwai mutum ɗaya a cikinku," in ji shi, "bai taɓa ce mini ya gaji ba."

(Na sha faɗa, amma ba a gabansa ba, don haka na ga har yanzu ina ciki.)

"Na ba shi amana, bai ci ba. Yau ina so shi da maiɗakinsa su je su huta."

Ban jira suna ba. Wallahi ban san lokacin da na tashi ba. Na tsallake farantai biyu, na taka gefen rigar wani, na isa gabansa na durƙusa, na kama ambulan da hannu biyu. Na ce, "Alhaji, ban cancanta ba."

Na ja ambulan. Bai saki ba. Na ƙara ja.

Ya leƙo ni ta saman tabarau, da alamar mamaki na gaskiya, ba wulaƙanci. Ya ce, "Me ba ka cancanta ba?"

Daga ɓangaren mata kuwa wata maƙwabciyarmu da ta rako mu, wadda Rukayya ta gaya wa ita ma, ta riga ta saki guɗa. Guɗar ta tsaya a rabi.

Alhaji ya ce, "Bon. Tunda ka taso, miƙa wa Baba Isufu."

Baba Isufu shi ne mai kula da sito. Dattijo ne ɗan Tawa ta Nijar, tare da shi aka buɗe kamfanin, shekara ashirin yana cikin zafin rufin kwanon nan, bayansa har ya ranƙwafa. Kullum sai na gaishe shi. Ban taɓa kallonsa a matsayin wanda zai iya gajiya ba.

Na ɗauki ambulan na bi ta tsakiyar mutane na kai masa. Ya karɓa yana kuka, ya riƙe hannuna yana cewa, "Na gode, ɗana," kamar ni na ba shi. Na juya zan nemi kwalin da zan ɓuya a bayansa, sai Alhaji ya ce, "Yalla, maza, sakatare, kai ka tsara. Karanta musu abin da ke ciki."

Haka na tsaya na karanta. Baranda mai kallon ruwa. Abinci a kan yashi. Kala bakwai. Kowane layi sai an tafa. Sau ɗaya na ɗaga kai wajen mata, na hango Rukayya ta sunkuyar da kai tana tattara farantan da ba ita ta ci a ciki ba.

A bas muka koma gida. Da muka shiga ɗaki akwatin yana bakin ƙofa inda muka bar shi. Ta buɗe, ta riƙa fitar da kayan ɗaya bayan ɗaya tana ninkewa. Na fi son a ce ta zage ni.

Can ta ce, "Malam, ni ba tekun ne ya dame ni ba. Na tambaye ka ko Alhaji ya faɗa da bakinsa."

Ta miƙo mini wayarta ta ce, "Kai za ka gaya wa Umma." Na gaya mata. Surukata ta ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri, da irin muryar da ake yin ta'aziyya.

Ranar da su Baba Isufu suka sauka a otal ya kira ni. Ya ce wuri ya yi kyau, sai dai maiɗakinsa tana tsoron ruwa, ta ja labule ta ƙi fita baranda. Abincin kuma an kawo musu wani ƙwaro a faranti, ko akwai inda za a samu tuwo a kusa? Sannan ya rage murya ya ce, "Ɗana, wace ce Rukayya? Ga sunanta a kan kek, Hajiya ta tsare ni da tambaya tun ɗazu."

Sai da na yi wa Hajiya bayani da bakina, tun daga farko. Ta yi dariya har tana tari.

Har yau ina kamfanin. Direbobi ba sa kirana sakatare kuma, "Ban Cancanta" suke ce mini, har sababbin da ba su san mafarin sunan ba. Alhaji bai taɓa tayar da maganar ba, bai kuma ba ni hutu ba.

Abin da na koya kaɗan ne, amma na koye shi da kyau. In ana rabon alheri a taro, ina zaune daram sai an kira sunana da na mahaifina. Ko an kira ma, nakan ɗan waiwaya tukuna, ko akwai wani mai irin sunan a bayana.