Ilimin Kwana Goma

Duk abin da tsufa zai mantar da ni, ba zan taɓa mantawa da damanar da na zama "likitan" ƙauyenmu ba, nan bakin tafkin Madarumfa. Lokacin mulkin farar hula na farko ne. Aka kai ni horon kwana goma, na dawo da akwatin magani da girman kai (na fi akwatin nauyi).

Abu guda na haddace sosai: ciwon apandisit, wato kumburin wata 'yar wutsiyar hanji, a dama yake kamu.

Sai ga yayana Ila, masunci, an ɗauko shi daga kwalekwale yana riƙe da cikinsa ta hagu. Inna ta ce, "Ɗan nan, mu kai shi Maradi."

Na ce, "Inna, hagu ne hwa. Tsutsa ce. Ni na yi karatun."

Na ɗirka masa maganin wankin ciki. Da bai ji sauƙi ba, na ƙara. Kwana uku ina kai da komo da akwati, har cikin ya sandare kamar allo. Sannan muka roƙi wata motar kaya ta kai mu asibitin Maradi.

Ashe shi Ila a juye Allah ya halicci kayan cikinsa, na dama a hagu. 'Yar wutsiyar hanjin ta fashe, mugunya ta cika ciki. Sai da aka yanke wani sashen hanji, aka bar masa roba tana tsiyaya.

Lokotoro, wato babban likitan, ya fito, tafinta a bayansa, dangi duk mun yi cirko-cirko. Ya ce ta bakin tafinta:

"Juyin ciki ba laifin kowa ba ne. Amma wa ya ba shi wankin ciki?"

Kowa ya juyo gare ni. Ga akwatin a hammatata, don har can na kai shi, wai ko za a nemi shawarata. Na so ƙasa ta tsage in shige. Inna ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi.

Ila ya rayu, amma bai sake jefa birgin kamun kifi a tafki ba, ƙarfin ya tafi. Na tsani kaina, na mayar da akwatin.

Na koyi cewa "ban sani ba" ita ma magani ce, kuma ba ta cikin akwatin. Har ya rasu, Ila bai taɓa tayar mini da zancen ba. In na shigo sai ya gyara zama da ƙyar, ya ce, "Sannu da zuwa, likita."