Unguwarmu Ta Fito Kore Shar a Taswira

Jiya tun ƙarfe tara na rufe shagon ɗinkina, na tafi zauren taro na birni jin sakamakon binciken da aka yi kan harbe-harben bindiga. An ce ƙarfe goma za a fara. Mai Girma Babban Mai Kula da Kwanciyar Hankalinmu ya iso ɗaya da rabi, muka miƙe muka tafa masa saboda ƙoƙarin da ya yi.

Abu ɗaya ya kai ni. An yi alkawarin unguwar da bincike ya nuna ta fi shan wuya za a ba ta motocin sintiri. A layinmu kuwa, cikin wata huɗu an yi harbi sau biyar, duk da rana tsaka. Na ƙarshen ya sami maƙwabcina mai aski a cinya, yana tsaka da gyara wa mutum gemu. Tun ranar mai ɗakina ta ce in ba a kawo tsaro ba, za ta kwashe yara ta bar unguwar. Na ce ta yi haƙuri, masana na aiki.

Aka haska taswirar birni a bango. Ja na nufin haɗari, kore na nufin lafiya lau. Na laluba na gano unguwarmu: kore shar, har da ɗan tauraro a kai.

Mai aski, da ke gefena da sandarsa, ya raɗa mini, "Maƙwabci, to ni wa ya harbe ni?"

Na ce, "Bincike bai nuna an harbe ka ba. Ka daina yaɗa jita-jita."

Wuri ɗaya ne ya yi ja wur a duk faɗin birnin: layin asibiti. Mutum ɗari biyu da goma sha biyu a shekara guda. Layin da babu kowa sai masu kemis da masu sayar da lemo, inda ko hon aka hana yi.

Da aka tashi na tare malamar da ta haɗa alƙaluman, tana naɗe wayoyin na'urarta, fuskar nan a gajiye. Na ce, "Malama, mutanen layin asibiti me suka yi wa juna haka?"

Ta duba hagu da dama. "Baba, a fom ɗin da ake cikewa in an kawo wanda aka harba asibiti, gurbi ɗaya ne aka rubuta 'wuri'. Ma'aikatan asibiti kuma inda suka ga mutum suke rubutawa. Na faɗa wa manya. Na roƙi sati biyu in bi waɗanda aka harba in tambaye su inda abin ya faru."

"Sai suka ce me?"

"Sun ce an riga an buga littafin rahoton, da hoton Mai Girma a bangonsa."

Ni ban raina bincike ba, jama'a. Tela ne ni, da awo nake cin abinci. Amma in ka auna wuyan mutum ka rubuta a gurbin ƙugu, wandon da zai fito ba laifin tef ba ne. Malamar ta ba ni tausayi, ta san gyaran, an hana ta almakashi.

A yi wa manya adalci dai, wannan karon sun cika alkawari da gaggawa. Yau da safe motocin sintiri biyu sababbi fil suna ƙofar asibiti, suna gadin wurin da ake kawo mu bayan an gama da mu. Mu kuma an aiko mana takardar yabo cikin gilashi, tare da roƙon mu koya wa sauran unguwanni sirrin zaman lafiyarmu. Mai aski ya rataye ta a shago, daidai kan ramin harsashi, ta rufe shi tsaf.

Da na koma gida ɗazu na tarar mai ɗakina ta jera jakunkuna a tsakar ɗaki, yara sun sa takalma. Gidan yayarta za su, a bayan asibiti.

Na ce, "Kin san nan ne wuri mafi haɗari a birnin nan? A rubuce yake."

Ta ce, "Na sani, baban yara. Can motocin suke."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni na ɗaukar musu babbar jakar har bakin titi. Yanzu ina nan ni kaɗai a unguwa mafi aminci a birni, in za ku kawo ziyara ku riƙa bin jikin bango.