Yadda Injiniya Ba-Kuskure Ya Daidaita Masana'anta

Kai, Allah ya yi wa masana'antar kujerun robar nan gata da ya ba ta Injiniya Ba-Kuskure. Mutum ne da ko ofishinsa ba ya shiga sai da hular kwano. Biro uku a aljihu, kuma ba wanda ke rubutu a ciki.

Da ma rigima ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Masu duba inganci na cewa ƙafafun kujeru ba su da ƙwari, masu kula da injuna na cewa injinsu lafiya lau. Ga wata mai makarantu za ta sayi kujera dubu biyar. Mai masana'anta ya ce wa Injiniya, "Ka daidaita min su kafin matar nan ta zo. In ta fasa, taka kujerar ma ta tafi."

Gogan ya tara ma'aikata, ya gyara murya. "Inganci da fasaha wa da ƙane ne, ni kuwa ubansu. Yau zan sasanta 'ya'yana."

Wani tsoho mai gyaran inji ya ce, "Ranka ya daɗe, zafin injin ne ya ragu, robar ba ta narkewa sosai. A ba ni kwana biyu."

"Kwana biyu, Baba? A wannan zamani?"

A ƙarshen layin da kujeru ke fitowa akwai na'urar gwaji mai kunna jar fitila in kujera ta gaza. Injiniya ya zuba mata ido, basira ta sauko. Ya sa aka cire jan ƙwan aka ɗaura kore. An bar jaki ana dukan taiki, amma wallahi rahoto ya yi kyau.

Ranar da mai makarantu ta zo, Injiniya ya kwashe rabin awa yana zuba jawabi. Ta saurara tsaf, sannan ta jawo kujera ɗaya daga layi.

"Na ji. Bismilla, zauna."

Zufa ta karyo masa. "Hajiya, ai ni a tsaye nake aiki."

Mai masana'anta ya harare shi. Bawan Allah ya ɗofana a hankali, kujera ta ce ɓaras, kowace ƙafa ta kama gabanta. Matar ta ɗauki jakarta ta fice.

Tsoho ya samu kwana biyunsa. Injiniya ma ba a kore shi ba, an yi masa sabon muƙami: duk kujerar da za ta fita, sai ya zauna a kai tukuna. Mai son kujera ya samu guda dubu a rana.