Ladi Mai Silinda Takwas Ta Kwanta Dama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da farata masu cike da baƙin mai, iyalan Malam Maharazu Ɗanmusa na Peckham suke sanar da 'yan uwa da abokan arziki na London da kewaye rasuwar motarsu, Ladi. Ta cika ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, a kan tudun Forest Hill, tana bakin aiki. Shekararta ashirin da takwas a duniya. Rabinsu a hannun Malam ta yi su, kuma mafi yawansu a ɗage take a kan bulo.

An haifi marigayiya a birnin Detroit na Amurka a 1969. Doguwa ce, mai faɗin ƙirji, ƙofa biyu, silinda takwas, sitiyarinta a hagu irin na gida. Wani sojan Amurka ne ya shigo da ita Ingila, ya more ƙuruciyarta, ya tattara ya koma ƙasarsu, ya bar ta a bayan gonar wani Bature a Suffolk, kaji suka gaje ta. A can Malam ya same ta a 1983, ranar da ya je gonar neman ragon layya. Ya ga rago, ya ga mota, shi ke nan hankalinsa ya rabu gida biyu. Ran Lahadi aka jawo ta Peckham, abin da ya sa ta ci sunan Ladi ke nan. Hajiya Sakinatu, uwargidan Malam, ta leƙo ta taga ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To sannu da hanya. Ina ragon?" Layyar waccan shekarar dai a gidan maƙwabta aka ci nama.

A nan dole a faɗi wani abu da Malam ba zai so a faɗa ba. 'Yarsa ta fari, Jamilatu, a London aka haife ta, amma uban nata mutumin ƙauyen Katsina ne na asali, mai kunyar ɗan fari. Tun da aka raɗa mata suna, sunan bai taɓa fita daga bakinsa ba. "Yarinyar nan" yake cewa, ko "'yar gidan nan", in kuma ta kama dole ya ce "ke". Ko a asibiti aka tambaye shi sunanta, sai ya waiwayi Hajiya. Ita kuwa Jamilatu, irin 'ya'yan nan ne masu jin Hausa sarai amma amsa sai da Turanci. Ta taɓa tambayar uwarta ko Dad ya manta sunanta ne. Ranar da aka kawo Ladi tana 'yar shekara tara. Ta kutsa kujerar baya, ta zauna cikin gashin kaji, ta sanar da duniya da Turanci cewa a wannan motar za a kai ta gidan miji, kuma koriya take so. Malam bai ko dube ta ba. Ya ce a gaya wa yarinyar nan ta fito kafin ƙarfe ya yanke ta. Washegari aka gan shi ya dawo daga aiki da gilashin walda a leda.

Malam fa akawu ne a wani ofishi kusa da Charing Cross. Kafin Ladi, abu mafi nauyi da hannunsa ya saba ɗauka shi ne fayil. Ya kama hayar gareji daga council, wato hukumar unguwa, ya jawo amininsa Saani, mutumin Kumasi, direban bas, wanda ya rantse ya iya walda. Daga baya ta bayyana cewa shagon shayin yayansa ne yake kusa da masu walda. Haka nan suka fara, makaho biyu da injin walda ɗaya. Karon farko suka ƙone kujerar gaba. Karo na biyu rabin gemun Malam ya tafi, ya yi mako biyu yana gaya wa mutanen ofis wai sabon yayi ne.

Amma kai, sun koya. Tsatsa ta cinye ƙasan Ladi har kana hango titi ta tsakanin ƙafafunka. Malam ya yanke ruɓaɓɓen wurin da giranda, ya auna da kwali, ya fitar da faci daga jikin tsohon injin wankin Hajiya, ya ɗiga walda ɗigo bayan ɗigo don kada zafi ya lanƙwasa ƙarfen. Ƙofar firiji ta shiga but. Wata tukunyar gas da ta gama aiki ma an dube ta, Hajiya ta ce a'a, haukan ya isa haka. Sannan aka shiga aikin bodi, guduma da foti da sanfefa, a shafa a goge, a shafa a goge, har yatsun Malam suka daina jin zafin kofin shayi. Lokacin hunturu yana aiki da riga uku da hular sanyi a ƙarƙashin gilashin walda. Duk Lahadin duniya yana can. Da aka zo fenti, ya ce shi ba ya shawara da yara a harkar mota, kawai dai kore ne ya fi sauƙin samu. Saani ya shaida cewa sai da suka zagaye shago biyar kafin su sami irin koren.

Halayen marigayiya ba sa ƙirguwa. Ba ta da rowar murya. In za ta tashi, sai ta fara da "ƙi-ƙi-ƙi-ƙi", ta yi tari biyu, "tuf, tuf", ta yi shiru kamar ta fasa, sannan ta saki "bub-bub-bub-bub" ɗin nan da ke girgiza kofuna a flat na hawa na uku. Tana da ci, wannan ba a ɓoye yake ba. Daga Rye Lane zuwa masallaci sai ta nemi a tsaya gidan mai. Tana da kunya, ba ta fita in ana ruwa, kuma kun san London. Ta sha faɗuwa gwajin lafiyar mota na MOT ba ta taɓa riƙe kowa a zuciya ba, har Allah ya sa ta haye a bazarar bara, aka yi walima da shayi da biskit a bakin gareji.

Babbar ɗabi'arta kuwa ita ce amana. Ladi ba ta tashi a hannun kowa sai Malam. Saani, da yake jan bas mai hawa biyu a tsakiyar Aldwych, ya gwada har ya yi gumi, ya fito yana cewa da Hausarsa ta Kumasi, "Wannan mota, shi ya san maigidansa." Sai an taka totur yadda Malam kaɗai ya sani, an ɗan ja makulli baya, an taɓa wata waya a ƙarƙashin sitiyari. Mutumin da ya sauke injin silinda takwas ya mayar da shi da hannunsa, wai wayar nan ɗaya ce ta gagare shi gyara shekara da shekaru. Duk wanda ya ce a gyara, sai Malam ya ce ai ba gaggawa. Hajiya ta san dalili, Saani ya sani, mu ma mun sani. A al'adarmu uba ba ya kai 'yarsa gidan miji. Yana zama a gida ne, mata su tafi da ita. Amma direba ai dole ya je, kuma Malam abin da yake so a duniya ke nan, ya kai yarinyar nan da kansa ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba.

Ciwon ajali ya daɗe a jikinta. Gishirin da ake zubawa a titi lokacin sanyi ya shige ta tun zamanin soja, ya kwanta a baya, daidai inda sifirin yake kama jiki. Malam ya san da wurin. Ya yi masa faci, ya ƙwanƙwasa, ya ce zai ɗauki mutum biyu a baya lafiya lau, amarya da ƙawarta ɗaya. Lissafin da bai yi ba shi ne na Gwaggo Anatu.

Gwaggo Anatu yayar Malam ce, ita ta goya shi, kuma takanas ta hawo jirgi daga Katsina don bikin Jamilatu da angonta Nashiru. Da ta ji wanda zai ja motar amarya, sai ta saki salati. "Maharazu, kanka ɗaya? Uba ya kai 'ya? A garin wa?" Malam ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ba a uba zan je ba. Direba ne babu." Aka ba samari uku makulli, Ladi ta yi musu "ƙi-ƙi-ƙi" ta yi shiru. Gwaggo ta ce to, tun da haka ne ita ma a nan za ta shiga, ta ga abin da zai hana a yi abu yadda aka gada. Ta shiga. Ta kira aminiyar Hajiya ta shiga. Ƙawar amarya ta hau cinya. Wata baiwar Allah da har yau ba a gano dangin wa ce ba ta zauna gaba da kwanon alkaki. Sannan Gwaggo ta ce gara ba ta bin motar haya, a buɗe but. Buhun shinkafa ya shiga, jarkar man gyaɗa ta shiga, tukwane, nakiya, dubulan. Malam yana tsaye yana kallon bayan Ladi yana sauka a hankali. Ya dubi matar da ta goya shi, ya zagaya ya kama sitiyari. Wa zai ce wa yayarsa ta sauko?

Wallahi ta yi ƙoƙari. Ta tashi bugu ɗaya, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ratsa Peckham tana "bub-bub-bub", koren nan yana ƙyalli, Turawa suna ɗaga hannu, ana guɗa ta taga. A baya Gwaggo tana ta mintsinin amarya wai ta yi kuka, amarya ba ta tafiya da busasshen ido, ita kuwa dariya take dannewa a cikin mayafi. Malam, cikin babbar riga, idonsa a kan titi, amma madubin ciki ya karkatar da shi yadda ba motocin baya yake nunawa ba.

A tsakiyar tudun Forest Hill, saura gida kaɗan a isa, aka ji "ƙwas". Bayan Ladi ya zauna a kan taya. Salansar hayaƙi ta faɗi tana jan wuta a kwalta, hayaƙi ya turnuƙe kujerar baya. Ta yi "bub... bub...", ta yi tari ɗaya, ba ta ƙara ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mota mai ƙofa biyu, na baya ba ya fita sai an kwantar da kujerar gaba. Malam ya diro, hula ta yi nata wuri, ya fizge kujera, ya zura hannu cikin hayaƙi. Sai unguwar gaba ɗaya ta ji muryarsa: "Jamilatu! Jamilatu, miƙo hannunki!" Ya jawo ta waje. Kowa ya fito lafiya, har kwanon alkaki. Da hayaƙi ya lafa aka ce a ƙarasa da ƙafa, sai aka lura Malam bai saki hannun ba. Haka ya taka da ita har ƙofar gidan Nashiru, ba hula, babbar riga duk baƙin mai. Gwaggo Anatu ta bi su a baya, ta sa gefen mayafi ta share ido. Amarya kuwa ba ta ƙara bukatar mintsini ba, kuka take yi na gaske.

Marigayiya ta rasu ta bar maigidanta, Malam Maharazu, wanda har yanzu in Lahadi ta yi sai ya ɗauki makullin gareji ya tsaya yana juya shi. Ta bar Hajiya Sakinatu, da ta ce ta yafe injin wankin duniya da lahira. Ta bar Saani da tabon walda a hannu biyu. Ta bar injin walda, da rabin gwangwanin koren fenti, da sufana mai lamba goma da ta ɓace tun 1986 aka tsince ta jiya a cikin ƙofa. Ta bar mai gidan man Rye Lane, wanda aka ce shi ya fi kowa jin mutuwar. Maƙwabcin hawa na uku ma ya aiko da gaisuwa, ko da yake an ga fara'a a fuskarsa.

Masana sun duba ta sun ce ƙashin bayan ya karye, walda ba za ta ƙara kamawa ba. Saboda haka za a ɗauke ta ranar Lahadi mai zuwa bayan azahar, daga garejin council da ke bayan Rye Lane zuwa filin masu sayen tsofaffin ƙarafa. Saani ya yi booking ɗin motar ja. Ba za a yi salla ba, liman ya riga ya ja mana kunne. Masu rakiya su zo da motocinsu, kuma don Allah kowace mota mutum huɗu, ko da yayar mai motar ce ta ce a ƙara. Za a karɓi gaisuwa a bakin gareji, akwai shayi da ragowar alkakin biki. Kujerar baya ba za ta bi gawa ba, an riga an kai ta falon amarya.

A ƙarshe, Malam yana roƙon duk waɗanda suka ji abin da ya fita daga bakinsa a kan tudun nan su yi kamar ba su ji ba. Ya ce hayaƙi ne ya shige masa kai. Mun karɓi roƙonsa, ba za mu ƙara tayar da maganar ba. Sai dai shi ma kada ya ce bai ji abin da aka amsa masa daga cikin hayaƙin ba, don da Hausa aka faɗa, kuma mu da muke wurin duk mun ji: "Na'am, Baba."