Jita a Wajen Kaka, Lasifika a Wajen Jika

"Lafiya lau muka wuni, sai ciwon gwiwa. Kai kuma wa ya koro ka da kaya a kafaɗa? Wanbok, ko uwarka ta gaji da ciyar da kai ne?"

Kong Aitimon tana zaune a barandar gidanta da ke kan tudun Jaiaw, a Shillong, tana shafa farar ƙasa a ganyen da ake naɗe kwai, wato irin goron da ake taunawa a can, lokacin da jikanta ya ƙaraso saman matakala yana haki. Saurayi ne ɗan shekara goma sha tara, ɗan marigayi Banshai, ɗanta na fari. Kayan da ya saɓo ta gane su tun yana gindin tudu: baƙar lasifikar Banshai ce, mai tabon ƙunar taba a kusurwa. Ba ta nuna ta gane ba.

Da Banshai ya rasu, shekara goma sha biyu da suka wuce, dangi sun raba kayansa yadda aka saba: abin da namiji ya mallaka kafin aure na gidan uwarsa ne, abin da ya samu bayan aure na matarsa da 'ya'yansa. Jitar lantarki yana saurayi ya saye ta, sai ta dawo gidan Nongrum, wajen uwarsa. Lasifikar kuwa bayan aure ya saye ta, sai ta zauna a gidan Marbaniang, dangin uwar Wanbok, domin a can ɗa dangin uwarsa yake bi. Tun daga ranar jita take ƙarƙashin gado, lasifika kuma aka mayar da ita teburin ɗora tukunyar fure. Babu wadda ta ƙara yin ƙara.

"Haba amarya, ko sannu babu?" in ji Wanbok, yana sauke kayan. "Na hawo tudun nan kamar ɗan dakon kasuwa, duk don in ga fuskarki."

"Ka gani, sai ka juya. Miji ne kai da ba ka taɓa kawo ko kan kifi ba. Dubi gashinka, kamar tsintsiyar da aka share coci da ita."

"Gashin nan 'yan mata ke layi su taɓa. Ke ce dai kishi ya hana ki yabawa. Meikha, albishirinki! Mun kai zagayen ƙarshe na gasar kiɗa! Ranar Asabar, a babban fili, ƙungiya huɗu kacal suka rage, kuma mu ne za mu rufe taro!"

Meikha, wato kaka ta wajen uba, ba ya kiranta da sunan sai magana ta yi nauyi. Ta ci gaba da naɗe ganyenta.

"Alƙalan kurame ne?"

"Kuka suka yi! Ɗaya har ya nemi in sa masa hannu a riga."

"Ya ga kana da hannu biyu ba ka san amfaninsu ba. To, me ya haɗa ni da Asabar ɗinku?"

Ya durƙusa a gabanta, ya dafa lasifikar. "Jitar Baba nake so. Da ita nake so in hau."

Ta san wannan rana za ta zo, ta kuma daɗe da tanadar amsa. Abin da ba ta tanada ba shi ne yadda yaron ya karkatar da kai yana jira, sak ubansa.

"Kai Marbaniang ne. Ka ga an rubuta Marbaniang a ƙofar nan?"

"Rabin jinina naki ne."

"Rabin da ke cinye mini shinkafa. Ni auta ce, tsaron kayan gidan nan aka ba ni, ba rabo ba. In na miƙa wa wani dangi kayan Nongrum, me zan ce wa yayyena maza?"

"Ki ce mijinki ya ƙwace."

"Mijin da iska ke kayarwa? Zauna. Ko da zan yi tunani, ba na tunani a kan wanda bai san kiɗan rok ba. Ku yaran yanzu ihu kuka iya. Faɗa mini waƙar da ta fi zauna maka a rai, ka kuma faɗi dalili. In ka ce 'daɗi gare ta', ka sauka tudun nan da kayanka."

Wanbok ya yi tsalle ya miƙe, ido na ƙyalli. "'Motar Ƙarshe', ta ƙungiyar Tsawar Sohra! Meikha, bugu huɗun farko kawai! Dam, dam, dam, dam, kamar mai gida ya dawo ya tarar an kulle shi a waje. Kafin mawaƙin ya buɗe baki, cikinka ya riga ya amsa. Na taɓa jin ta a motar haya, na wuce unguwarmu ban sani ba."

"Wannan? Na ji ta a wayar maƙwabta. Na ɗauka tankin ruwa ne ya gangaro daga tudu, har na leƙa in ga ko ya danne wani."

"Tsufa ne ya toshe miki kunne. To ke faɗi taki, mu ji ta zamanin da ake kunna faifai da hannu."

"Rashin kunya! Lokacin da nake tsallake katangar makaranta in je kallon kiɗa, uwarka ma ba a yi tunanin haihuwarta ba." Ta ajiye farantin kwai, ta gyara zama. "'Kada Ki Rufe Taga', ta ƙungiyar Jajayen Takalma. A fili muke, ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba wanda ya motsa. Sun kai tsakiyar waƙar, daidai inda mai jita zai yi nasa, sai wuta ta ɗauke. Ɗif! Duhu, ba lasifika, ba makirufo. Mai ganga kaɗai ya ƙi tsayawa. Sai wani daga baya ya ɗauki muryar jitar da bakinsa, wani ya kama, kafin ka ce me, fili gaba ɗaya ya zama jita. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. A nan taɓo ya cinye mini takalmi ɗaya, kakanka ya shiga lalube, ya fito mini da na wata."

"Kika karɓa?"

"Ya fi nawa kyau."

"To waƙar kike so ko Kaka?"

"Waƙar. Kakanka gyara aka yi mini a kai."

Wanbok ya kwashe da dariya har da buga cinya. Ita ma bakinta ya motsa, ta yi saurin jefa kwai a ciki.

"Abin da nake nuna maka," in ji ta, "waƙar da ke zama ita ce wadda ta bar maka wurin shiga. Naku kuwa daga farko har ƙarshe a cike, kamar motar kasuwa. Ina mutum zai sa ƙafa?"

"A'a, ban yarda ba! 'Gishiri' fa, ta yaran Mawlai? A baiti na ƙarshe muryar yarinyar ta karye, ta tsage kamar tsohon zane, kuma suka bar ta haka a faifan, ba su gyara ba. Duk wanda ya ji, wurin nan yake jira. Ni saboda tsagewar nan kaɗai nake maimaita ta."

Kong Aitimon ta dube shi ta saman tabarau. "Wa ya faɗa maka wannan?"

"Kunnena."

"Ashe akwai kunne a ƙarƙashin tsintsiyar. To, ka ci rabin maki."

"Rabi? Shekara talatin kina koyar da lissafi, ba ki taɓa ba wa ɗan kowa cikakken maki ba. An ce har limamin coci kin taɓa gyara wa lambar waƙa yana tsakiyar wa'azi."

"Kuskure ya yi. Sauran rabin fa?"

Yaron ya koma ya zauna a kan lasifikar. Ya shiga murza igiyarta a yatsa.

"Wadda ta fi duka ba ta da suna. Ba ta cikin kowane faifai. Baba yakan yi ta a kan matakalar nan in mun zo ranar Lahadi, ina zaune a tsakanin ƙafafunsa, ina jin ta a bayana kafin in ji ta a kunne. Ita nake so in rufe taro da ita. Ji." Ya rufe ido, ya fara da baki: "Tan, tan-taran, tan, taran-taran-tan..."

"Tsaya."

"Taran-tan..."

"Na ce tsaya! Wa ya koya maka wannan ɓarna? Ka cike wurin! Bayan na uku ba a cewa komai. Shiru ake yi."

"Babu wani shiru, amarya. Ina da shekara bakwai, ƙwaƙwalwata sabuwa fil. Taki kuwa ta sha ruwan sama."

"A gabana aka yi waƙar nan, marar kunya! Da damina ya yi ta, indararon can yana ɗiga a bokiti. Sai ya buga uku, ya jira ɗigon ya faɗo, sannan ya ci gaba. Shirun nan shi ne waƙar. Kai kuma ka zo ka cusa masa taran-taran kamar mai tallan kifi!"

"Ni dai haka na ji, haka kuma zan yi ranar Asabar, ko da jitar aro ce. Mutum dubu za su tafi gida da taran-taran."

"A gaban mutum dubu? Da sunan ɗana?"

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba, gwiwar ma ba ta yi gardama ba. Ta shiga ɗaki, ta durƙusa, ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. Kullum takan goge bayansa, amma ba ta taɓa buɗe shi ba. Ta tsaya da hannu a kan maɓallin, tana jin yaron a waje yana ta maimaita kuskurensa da ƙarfi. Ta buɗe. Jar jitar tana nan yadda aka kwantar da ita, fentin ya koɗe a inda hannun Banshai ke gogawa. Ta ɗauko ta, ta fito.

"Tsirkiyoyin sun yi tsatsa," in ji ta, muryarta a daidaice. "Ba za ta yi ba."

Wanbok ya zura hannu a aljihu, ya fito da sababbi guda shida a cikin takarda.

"Au! Da shirinka ka zo! Ɓarawo! Kuskuren ma da gangan ka yi shi!"

"Ni? Tsintar su na yi a hanya. Wata tsuntsuwa ce ta yar."

"Tsuntsuwa mai gashin tsintsiya."

Ya ɗaura su ɗaya bayan ɗaya, tana tsaye a kansa tana cewa wannan ta yi sama, waccan ta yi ƙasa. Ya jawo waya daga falo, ya haɗa jita da lasifika. Lasifikar ta yi gurnani, ta yi tari, sannan ta kama wani siririn amo, tana jira. Ya miƙa mata.

Ita ta fara koya wa Banshai inda ake ɗora yatsu, da tsohuwar jitar matasan coci. Yanzu yatsun sun yi tauri, tsirkiya tana cizo. Ta buga na farko, sai da gilashin taga ya amsa, karen maƙwabta ya ɗauki haushi. Na biyu. Na uku. Ta ɗaga hannu.

Babu ruwan sama ranar, babu bokiti. Su biyun suka jira ɗigon duk da haka. Sannan ta ci gaba, har ƙarshe, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba.

Wanbok ya juya yana kallon rufin gidajen da ke gangare, yana goge hanci da bayan hannu.

"Mura ce?" in ji ta.

"Ƙurar jitarki ce. Haka ake riƙon amana a gidan Nongrum?" Ya juyo, ido jajir, baki har kunne. "Meikha, kin ji ƙarar nan kuwa? Kin ji? Wallahi filin nan sai ya tsage! Sake yi, in gani da idona!"

Ta sake yi. Ya karɓa ya gwada, ya yi gaggawa, ta buge masa hannu. A karo na huɗu ya jira yadda ya kamata, ta kau da kai ta ce ba laifi.

"To, zan tafi da ita?"

"Kayan Nongrum ba sa kwana a gidan Marbaniang. Kullum ka hawo da lasifikarka ka koya a nan. Ranar Asabar ni zan riƙo ta da hannuna har gindin dandali, in miƙa maka, in ka sauko in karɓi abata."

"Za ki zo? Ke? Cikin ihun?"

"Jitar zan raka, ba kai ba. Kuma in ka cike shirun nan, zan hau in ƙwace ta a gaban alƙalan."

"Zan ce musu budurwata ce ta biyo ni!"

"Ka ce musu ta fi ƙarfinka."

Ta sunkuya za ta mayar da jitar, sai ta ga wani abu a ɗan aljihun akwatin: farcen roba da ake kaɗa tsirkiya da shi, gefe guda ya cinye, daidai faɗin babban yatsan Banshai. Ta juya shi a tafin hannu, ta yi lissafin da ta saba, lissafin bai fita ba. Sai ta yi dariya, ta gaske, wadda ta girgiza mata kafaɗu.

"Wannan dai ba wanda ya san ko kafin aure ya saye shi ko bayan aure. Ba na Nongrum ba ne, ba na Marbaniang ba." Ta kamo hannun yaron, ta sa masa a ciki, ta naɗe yatsunsa a kai. "Riƙe, angon banza. Na ubanka ne."