Rasuwar Penka, Kwamfutar Da Ke Zaunar Da Mutane A Hoto

Da zuciya cike da baƙin ciki, idanu kuma sun yi jajur, ƙungiyar masu ɗaukar hoto don nishaɗi ta garin Troyan da ke ƙasar Bulgeriya take sanar da rasuwar kwamfutar ɗan'uwanmu Rumen Gochev, tsohon mai raba wasiƙu, wadda kowa ya sani da suna Penka. Ta riga mu gidan gaskiya ana gab da yanka ragon idin Waliyyi Georgi, bayan doguwar jinyar zafin jiki.

Marigayiyar mai rufin asiri ce. Ita ta cire tsohon mijin Tsveta mai gidan burodi daga hoton aure, ta dasa tukunyar fure a gurbinsa, kowa kuma ya shaida furen ya fi shi fara'a. Ita ta ja kifin da Stoil mai aski ya kama har ya kai tsawon ɗan maraƙi. Ba ta taɓa kai ƙarar kowa ba. Iyakar maganarta "wuuuu", in aiki ya yi nauyi ta ƙara da "ƙirr-ƙirr".

Amma babban aikinta a gidan Rumen yake. Ƙannensa biyu, Asen mai tuƙa babbar mota a Sifen da Ralitsa mai kula da tsofaffi a Jamus, sun daɗe rabonsu da gida. Duk shekara in idin nan ya gabato sai su turo hotunansu ta waya, Penka ta yanko su, ta zaunar da su kusa da mahaifiyarsu Donka a gaban gasasshen rago. Har inuwa take yi musu a kan tebur. Tsohuwa takan rataye hoton a bango, ta yi shiru. Shirun nan yana ci wa Rumen rai ƙwarai, to amma iyakar abin da ya iya ke nan.

Bana ana tsakiyar aiki, an zaunar da gangar jikin Asen, kansa bai iso ba, sai Penka ta ce "tit... tit", fuskarta ta yi shuɗi. Rumen ya hura mata iska, ya ɗora ta a kan ledar daskararren wake, ya kira sunanta. Ina! Rai ya yi halinsa.

Da ya kai wa mahaifiyarsa labari, sai ta ce, "Ta mutu? Madalla. Miƙo min waya."

Duk layin ya ji abin da ta gaya wa Asen: "Kai, sarkin aiki! Mai manna ka ta mutu. Bana in kana son kanka ya fito a hoto, ka ɗauko shi ka kawo. Ka kuma gaya wa 'yar'uwarka, tana can tana wanke tsofaffin Jamus, ga tata tsohuwar nan da sauran numfashi."

Kuma sun zo. Ranar idi Rumen ya kafa kyamara, ya ruga ya zauna. Hoto ya fito, wayyo! Tumbin Asen ya rufe rabin rago, idon Ralitsa a rufe, hasken taga ya cinye kunnen Rumen, tsohuwa kuwa baki buɗe, ba a san dariya take ko kuka ba.

"Yaya, don Allah ɗan rage min cikin nan," in ji Asen.

"Da me? Mai ragewar tana kwance a ɗaki," in ji Rumen.

Donka ta karɓe kyamarar ta rungume, ta ce, "Wanda ya taɓa min hoton nan sai na karya masa yatsu."

Marigayiyar ta bar linzamin kwamfuta ɗaya mai ɗingishi, da firintar da ba ta taɓa yi mata biyayya ba, da Asen marar kai wanda ta tafi da shi a cikinta. Ta kuma bar Rumen, wanda har yau bai san ko makoki zai yi ko godiya ba.

Za a yi ban kwana ranar Asabar da hantsi a ɗakin ƙungiya, kafin a miƙa gawar ga Kolyo mai gyara ya ciri abin da zai amfani masu rai. Za a raba dafaffiyar alkama da zuma bisa al'adar makoki, daga nan a ɗauki hoton mahalarta. Ana roƙon kowa ya tako da ƙafarsa, domin wanda bai zo ba, babu mai sa shi.