Rasuwar Tattarau, Kwantrolan Da Bai Taɓa Mance Gamana Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Safiyanu Mahamud, mai kula da ordinatoci, wato kwamfutocin koperatif ɗin manoma a nan Madawa, nake sanar da ƴan uwa da abokan arziki na Madawa da Buza da Keita rasuwar abokin aikina, Tattarau.

Ga wanda bai san marigayin ba, Tattarau kwantrola ne, wato ɓangaren manhajarmu ta intanet da ke tsaye a bayan formiler, fom ɗin rajistar manoma. Idan wakilinmu ya zauna a ƙauye ya cika sunan manomi da gonakinsa ya danna maɓalli, shi ke karɓar bayanan ya kai su ma'ajiya. Da wannan rajista ake raba irin wake kafin damina. Ni na rubuta shi da hannuna, ni kuma na raɗa masa suna saboda halinsa.

Marigayin ya san yadda gida yake a ƙasar nan. Ya san akwai gandu, babbar gonar da ke ƙarƙashin sunan maigida, ya san akwai gamana, ƴan gonakin da mata da ƙanne ke nomawa don kansu. Idan ya ɗauki maigida, sai ya tattaro duk gamanar da ke rataye da shi ya ajiye su a tafiya ɗaya. In ɗaya ta ƙi shiga, ko rezon intanet ya yanke ko an bar gurbi, sai ya fasa duka, ya yi "ƙiiit!", ya rubuta da ja cewa a sake. In komai ya shiga, sai ka ji ƴar muryarsa, "tin!", kamar cokali ya taɓa kofi. Ba zan yi masa yabon mamaci ba: yana da nawa, rubutunsa dogo ne mummuna, wakilai sun sha zaginsa a cikin rana. Amma bai taɓa cewa "tin" a kan ƙarya ba.

Ciwon ajalinsa a mota ya zo daga Yamai, sunansa Abdurrazak, injiniyan da masu ba mu tallafi suka turo. Ya buɗe marigayin ya yamutsa fuska kamar wanda ya taka kashin kaza. Ya ce wannan tsohon yayi ne, yanzu akwai kwantrola mai sauƙi, layi kaɗan, ga sauri. Na ce masa mai sauƙin nan abu ɗaya ya iya ajiyewa, ba ya waiwayar abin da ke rataye da shi sai an ɗaura masa. Ya ce za a ɗaura daga baya. Har yau muna jiran bayan.

Shugaban kwamiti, Alhaji Hamani, ya ce gani ya kori ji, a gwada. Aka gwada. Kowane ɗan kwamiti ya shigar da sunansa da gandunsa, ya nema, ya ga kansa ya fito kafin ƙiftawar ido. Dukkansu magidanta ne. Babu mai gamana ko ɗaya a ɗakin, babu kuma wanda ya tuna ya ce a duba gonar matarsa. Suka tafa, aka sha lemo. Kafin la'asar an sauke Tattarau daga serba, babbar kwamfutar da yake aiki a kanta, kalmar sirrin shiga serbar kuma ta bi Abdurrazak zuwa Yamai.

Game da wanda ya gaje shi, Allah ya sa in iya riƙe bakina. Formiler ɗin yana nan da guraben gamana kamar da. Wakili ya cika su tsaf, abin nan ya haɗiye, ya ajiye maigida, ya watsar da sauran, sannan ya nuna kore shar da rubutu wai an adana cikin nasara. Da ma ya yi kuka, da ma ya ƙi aiki, da mun san inda muke. Wannan murmushin nasa ne ke tayar min da zuciya, duk lokacin da na gan shi sai na ji kamar in tofa wa allon yawu.

Marigayin ya rasu ya bar ni, ya bar wakilan da suka zage shi suna neman gafararsa, ya bar marayun gamana daga Tabotaki har ƙauyukan Keita. Cikinsu akwai ta gwaggona Habsa, matar Yaƙubu na Sabon Gida. Ta zauna gaban wakili ta faɗi gonarta, ta ga koren da idonta. Da ta ga haka, sai ta kwance ɗan waken da ta ɓoye don iri, ta dafa wa jikokinta a bazara, don gida ya yi ƙamfa. Ranar rabo aka kira Yaƙubu, aka auna masa daidai gandu, gandu kuma ya cinye abinsa. Ita ta tsaya a rana har aka kakkaɓe buhu. Washegari ta hau moto ta same ni a buro, wato ofishinmu, ko zama ba ta yi ba ta ce: "Safiyanu, ɗan nan, ashe gamanata ta mutu, ba wanda anka aiko shi gaya min?" 

Na buga wa Abdurrazak. Ya ce ƙaramar matsala ce, za ta shiga gyaran bayan damina. Alhaji Hamani ya ce a yi haƙuri, komai mai wucewa ne. Shi dai wakensa ya tsiro.

Gawar marigayin tana cikin kile, ɗan filashin ajiyar bayanai, a aljihun rigata. Ba za a yi masa wanka ba, don da tsabtarsa ya tafi. Za a ajiye shi ranar Juma'a da safe a cikin durowar buro, ƙarƙashin tsofaffin wayoyi. An hutar da ƴan kwamiti daga halarta, kada su tafa.

Zaman makoki kuwa a Sabon Gida za a yi, bayan an sauko daga masallaci, a bakin gamanar gwaggo Habsa, gabas da rijiya. Iyalan mamaci na roƙon kada a kawo goro ko dabino. Wanda zai zo ya zo da irin wake, ko da cikin tafin hannu ne, ya kuma yi sauri tun ƙasa na da laima. Ba sai an zo da sungumi ba. Tun daren ruwan farko gari na wayewa gwaggo ta sare ramukanta, suna nan a buɗe.